Ƙashin da Ya Fito daga Rijiyarmu

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, amma ƙashin da na tsinta a ƙasar rijiyarmu ba zai taɓa fita daga raina ba. Abin ya faru ne ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ƙauyenmu yana gefen Gulbin Kaba, kusa da Kanan-Bakashe. Sunansa gulbi, amma ko kakana bai ga ruwa na gudu a cikinsa ba, sai yashi da goriba.

Mutane sun ƙaru saboda noman gyaɗa, tsohuwar rijiya ta kasa, matanmu suna tafiyar rabin wuni neman ruwa. Sai maigari ya kira mahaƙi, mu magidanta muna jan guga muna zubar da ƙasar da yake turowa. Ni mutum ne mai yawan duba abu. Na lura farin yashi ya fara fitowa, sai tsakuwa masu santsi kamar an goge su, sai baƙin laka mai bawon katantanwa. A cikin lakan nan, wata biyu da fara aiki, hannuna ya taɓa wani ƙashi kewayayye, kaurinsa ya kusa wuyan hannun yaro.

Na taɓa ganin zanen ƙashin bayan mutum a allon lakwal, wato makarantar boko, kuma wannan ya yi kama da shi. Na soke shi a aljihu, na yi kwana uku da shi ban gaya wa kowa ba. In na yi shiru, na shayar da gari ruwan kabari. In na yi magana, a rufe rijiya, matan su ci gaba da wahala saboda ni. A rana ta huɗu na kai wa liman.

Ya juya shi, ya ce, “Kai da ka yi lakwal, ka tabbata na mutum ne?”

Na ce, “Malam, ban tabbata ba, amma ban tabbata ba nasa ba ne.”

Nan da nan maigari ya tsayar da aiki. Aka taru a bakin rijiya, aka yanke cewa a nannaɗe ƙashin a farin ƙyalle a mayar, a cike ramin. Mahaƙin ya zauna ya dafa kai, ya ce shi yana jin sanyin ruwa a tafin ƙafarsa, saura haƙar gaba ɗaya ko biyu a kai ga ruwa. Matata kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Ana cikin haka goggona, ƙanwar mahaifina, ta matso. Ta yi zaman aure shekaru da yawa a bakin tafkin Madarunfa, sana’arta ƙyafe kifi, kafin ta dawo gidanmu da zama.

Ta ce, “Ku ba ni mamacin in yi masa gaisuwa.”

Ta tofa masa yawu, ta goge da bakin zanenta, ta ɗaga shi. “Ɗan nan, dubi nan. Rami ta wannan gefe, rami ta wancan, kamar an haɗa gindin ludayi biyu. Bayanka haka yake? Kifi ne. Na tsotsi irinsa ya fi gashin kanka, sai dai ban taɓa ganin mai girman wannan ba.”

Wani dattijo ya ce, “Kifi a Gulbin Kaba? Ta ina ya zo, a kan raƙumi?”

Ta ce, “Yaya, kai ka tambayi wanda ya sa wa wurin suna gulbi.”

Liman bai yarda da baki kawai ba. Ya sa aka tone lakan da muka zubar, sai ga ƙayoyin kifi da wani faffaɗan ƙashin kai, wanda goggo ta ce na tarwaɗa ne. Aka koma aiki. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, a ƙarƙashin lakan jan yashi ne busasshe, irin na jigawar da muke shuka gyaɗa. Bayan kwana shida ruwa ya ɓullo.

Hankalina bai kwanta ba sai da na je Mayahi ran kasuwa, na nuna wa tsohon mushenmu, malaminmu na lakwal, ƙashin. Ya ce dubban shekaru da suka wuce ruwan sama ya yi yawa a ƙasar nan, gulbin yana gudu, shi ya goge tsakuwar. Jan yashin kuwa iska ce ta tara shi tun kafin nan, a wani zamanin fari mai tsawo. Wato wurin ya bushe, ya jiƙe, ya sake bushewa, mu muka zo a ƙarshe muka ɗauka haka aka halicce shi.

Na dawo a ƙasa ta cikin gulbin, ina kallon goriba ina auna inda ruwa zai kai mini. Da fari ya zo daga baya ya kashe noman gyaɗa, na tuna da jan yashin nan, ban yi mamaki kamar sauran ba.

Har yau ina da yawan fargaba, kuma ban yi nadamar kai wa liman ƙashin ba. Abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama ni a kan abin da ban sani ba, in nemi wanda ya san shi kafin in ce a binne. Saura kaɗan in rufe wa garinmu rijiya saboda kifi, alhali amsar tana gidanmu tana kaɗi.