Taken Doguwa a Filin Lakwal

Waɗanda suka san Tasalla a majigi, da gwaggwaro da ƙatuwar murya, ba su san shekarun da ta yi tana takawa a ƙasa daga Jiratawa zuwa Maraɗi ba. Ɗiyar manoman hatsi ce, gidansu kuma na ƴan bori ne tun kaka da kakanni. Tana da shekara goma sha bakwai, saura kaɗan Faransawa su tafi, ta samu aikin tsintar gyaɗa a kantin wani Bature. Sai ta wuni a duƙe tana ware ruɓaɓɓu, tana waƙa don kar barci ya ɗauke ta.

A nan Maliki, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya ji muryarta. Yana da ƙungiyar teyatur ta malamai da akawuna, wasan kwaikwayon da rabinsa waƙa ce, kuma ƙatti ne ke ɗaura zane su fito a matsayin mata. Ya ɗauke ta. Daga ranar, in an tashi daga gyaɗa sai ta wuce gwaji, ta isa gida dab da almuru ƙafafu sun kumbura. Duk da haka ba ta taɓa fashi ba. Nan kaɗai ne ake yin shiru in ta buɗe baki.

A shekara ta biyu Mushe ya shirya wasan da za a yi gaban kumandan, Baturen da ke mulkin Maraɗi, ya sa rawar bori a ciki. Ya ɗauko Maidawa, tsohon mai goge daga Tsibiri, ya ce a yi taken Doguwa, aljanar bori.

"Mushe, ba a kiranta a bar ta tsaye," in ji Tasalla. "In ta zo, wa zai sauke ta?"

"Ke dai yi waƙa. Wasa ne. Aljana tana da takardar gayyata?"

Akawuna suka fashe da dariya. Tasalla ta san zanen da ƙattin suka ajiye yana nan cikin adaka, in ta ƙi su za a mayar gurbinta. Sai ta yi dabara: ta cire kirarin Doguwa daga waƙar, ta sa baitocin waƙar niƙa a wurinsa. Mushe bai lura ba, a lakwal ya girma.

Ranar wasa, da la'asar, filin lakwal ya cika. Turawa na kan kujeru, jama'a na tsaye a baya. Can gefe Tasalla ta hango uwarta Lami, wadda ta tako tun daga Jiratawa don ta ga abin da ke hana ɗiyarta daka. Maidawa ya ja goge. Shi ba abin da ya canza, hannunsa bai san wani take ba sai na gaskiya. Sai a lokacin Tasalla ta tuna abin da kowane yaro a gidansu ya sani: Doguwa ba baki take bi ba, goge take bi.

Lami ta yi ƙara, ta yi sama, ta faɗo da zaune a kan ƙasa mai tauri. Ta tashi ta sake. Mutanen ƙauye suka ja da baya suna rufe baki. Turawa suka hau tafi.

"Ci gaba!" Mushe ya ce daga bayan labule. "Kar ki tsaya, kumandan na kallo!"

Tasalla ta diro daga dakalin wasan. Ta kwance mayafinta ta riƙe ƙugun uwar da shi, ta ce, "Baba Maidawa, sassauta." Ta durƙusa ta yi kirarin na ainihi, tana lallashi, tana ba da haƙuri, har tsohuwar ta yi atishawa, alamar an sauka. Tafin da aka yi a lokacin ya fi na farko.

Kashegari Mushe ya same ta a wurin gyaɗa, fuskarsa fes. Kumandan ya ce a maimaita a Tsibiri ran kasuwa, da tsohuwar.

"Inna tana kwance, Mushe. Ƙugunta ne."

"To a nemo wadda za ta faɗi. In babu faɗuwa babu wasa, in babu wasa ke ma sai gyaɗa."

Kwana shida Tasalla ta yi tana gasa wa uwar ƙugu da ruwan zafi. A rana ta bakwai ta roƙi Maidawa ya karkatar da taken kaɗan don kar Doguwa ta zo, yadda kunnen Bature ba zai ji ba. A Tsibiri ita ta yi ƙarar, ita ta yi sama ta faɗo da zaune, daidai yadda ta ga uwarta ta yi. Sau uku ta faɗi. Mushe ya ce ba a taɓa yin irinta ba.

Da ta isa gida tana ɗingishi, labari ya riga ta. Lami ta dube ta daga shimfiɗa.

"An ce kin iya ni," ta ce. "Wa ya hau ki?"

"Ba kowa, Inna."

"To. Tun da haka ne, ki samu ɗaki a Maraɗi. Tafiyar ta yi miki yawa."

Da safe Tasalla ta ɗaure tabarmarta da ƙwarya biyu, ta kama hanya.