Takin Gonar Mati

Mati maƙwabcina ne a ƙauyenmu na gefen Shanono, gonarsa na jikin tawa. A nan ƙasa ba ta hutawa, don babu filin da za a koma. Taki ne ranta. Duk rani Mati yakan kwashe na turkensa a mangala, jakinsa ya yi ta safara. Kyan geronsa har haushi yake ba ni.

Da ɗansa Mika'ilu ya gama sakandare, jami'o'in gwamnati suna yajin aiki. Wani ɗan'uwansu ya zo daga birni ya hure wa Mati kunne da wata jami'ar kuɗi, wai ta 'ya'yan manya ce, wanda ya fito daga cikinta aiki ne ke nemansa. Mati ya rantse a gaban matarsa Furera: "Komai zai tafi, ban da gonar Babana. Ita zan bar wa yaron nan."

Ya kuwa cika alkawari. Shanun huɗa suka fara tafiya kasuwa don kuɗin makaranta, sai tumaki, sai awakin Furera, tana kuka. Shekarar da masara ta gagari talaka, jakin ma ya bi su. Na ce masa, "Mati, turke ya bushe, me za ka ba gonar?" Ya ce in Mika'ilu ya kama aiki, takin zamani buhu-buhu za a sauke. Ni ma na so in yarda.

Mika'ilu ya gama, aka ɗauki hoto da doguwar riga, ya yi ta zarya ofis-ofis a birni. Abokan karatunsa iyayensu suka buga waya aka ɗauke su. Mati wa zai buga wa? Abin nan yana ci mini rai har yau.

Bara da damina yaron ya dawo, ya ce, "Baba, a ba ni fartanya."

Mati ya kai shi gona, ina daga tawa ina kallo. Gero bai kai gwiwa ba, ya yi rawaya, wuta-wuta mai kashe hatsi ta baza furanni daga wannan iyaka zuwa waccan. Mika'ilu ya durƙusa ya damƙi ƙasa, rairayi zalla.

Mati ya kawar da kai, ya ce, "Ka dai gani, ban sayar ba."