Rigar Manang Saling

Jama'ata masu bibiyata, barkanku da hutawa. Na san kun ga hotona a kan babur sanye da rigar mata mai furanni, kun sha dariya har da masu turo mini jan baki. Na yafe muku. Ku gyara zama, yau zan ba ku labarin rigar nan da mai ita.

Manang Saling ce, dattijuwar da ke kula da gidan ajiye karnuka da kyanwoyi na ƙaramar hukumarmu, can bayan kasuwar kifi. Ni nake kai mata kawunan kifi da ragowar shinkafa a babur ɗina mai ƙafa uku, don haka ganau ne ni, ba jiyau ba. Kafin in iso da safe ta wanke keji tas, ta shanya kwanuka a rana, ta ware sababbin kamu a ɗakinsu daban kada su shafa wa sauran cuta. Kowa ya zo, komai girmansa, sai ya tsoma takalmi a ruwan magani a bakin ƙofa.

"Toto, ƙafarka!" Gaisuwar da nake samu ke nan kullum.

"Haba Manang, silifas ɗin nan sabo ne fa."

"Sabo ne ranar sunanka. Tsoma, ɗan nema!"

Karen da aka kamo yakan ƙi abinci saboda kewar gida, wanda kuwa ya daina ci har ya rame, ƙa'ida ce likita ya yi masa allurar da ba a farkawa. Sai Manang ta shiga unguwa tana cigiyar mai shi, ta roƙo tsohuwar rigarsa wadda ba a wanke ba, ta shimfiɗa wa karen. Da ya shinshina sai ya ci. Wanda ba shi da kowa, tata take ba shi. Ku tambayi mata masu kifi rigunanta nawa suka ƙare a keji.

A cikin marasa kowan akwai Kapitan, tsohon kare makaho da aka tsinto bayan ambaliya. Bai taɓa ganin fuskarta ba, da hanci ya santa.

Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji, 'yarta ta zo ɗaukarta zuwa birnin Cebu, gidan bene inda ko kyanwa ba a yarda da ita ba. Ranar tafiya Manang ta miƙo mini rigar nan mai furanni.

"Ka sa ta kana aiki, guminka ya haɗu da nawa. In nawa ya gushe, naka ya saura wa Kapitan."

"Ni? Da wannan? Manang, budurwa fa nake nema!"

"Wacce ta haƙura da fuskar nan taka, riga ba za ta kore ta ba."

Tana tafiya Kapitan ya juya wa kwano baya. Likita ya kira ni gefe ya ce ba zai zuba ido yana wahala ba. Washegari na zura rigar na fito tasha. Abokan sana'a suka yo kaina caa.

"Inna, nawa ne zuwa kasuwa?"

"Abokina, ɗankunne ya rage maka!"

Na shanye. Da rigar ta sha gumi na kai wa Kapitan. Ya daɗe yana shinshinawa, ya ɗaga kai wajen ƙofa yana jiran muryarta. Shiru. Ya yi wani ɗan kuka, ya shinshina hannuna, sannan ya sa baki a kwano. Ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido, kada ku tambaye ni.

Manang, ke ce uwar marasa kowa, gatan wanda ba ya iya cewa na gode. Kapitan yana ci, amma har yau ƙofa yake fuskanta in zai kwanta. Sabuwar ma'aikaciyar da ta maye gurbinki tana ƙoƙari, sai dai ba ta yi mini tsawa. Ina tsoma ƙafata ni kaɗai, ina jiran a zage ni. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Ku kuma, in karenku na gidan ajiyar nan, ku je ku ɗauko shi, in ba hali ku kai masa rigarku. Masu dariya, ku faɗa mini gaskiya: da ku aka miƙa wa rigar nan, za ku sa?