Gazuwal a kan tabkin lambun gwamnati

A shekarun da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, ba bangon da za ka wuce a Sabha ba ka ga taswirar Afirka ba. Mu kuwa 'yan Afirkan muna tsugune bakin titi a unguwar Gurda, muna jiran mai ɗaukar lebura. Nan wata mota ta kwashe mu, ni da wani dattijo mutumin Madarunfa, zuwa wani lambun gwamnati da ya bushe. Wai tabki ake so a tsakiyarsa, mai ciyawa da tsuntsaye, don baƙin da za su zo daga ƙasashenmu.

Mai kula da lambun, mudir muke ce masa, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na tanki ba, amma kullum da takarda a hannu yana koya mana yadda tabki yake. Muka haƙa rami, sau uku ya sa aka cika shi da ruwa, sau uku rairayi ya shanye, shi kuma ya ce mu ne ba mu iya haƙa ba. Kai, na ga jahilci mai takalmi!

Dattijon ne ya lallaɓa shi aka kawo yumɓu. Kwana tara muna tattaka shi da ƙafa kamar masu kwaɓin gini, har ruwa ya zauna. Ya dasa ciyawar kacala a gefe. Ran Juma'a ya shiga motar garin Ghuddwa, ya roƙo 'yan karfasa a kwamin ban-ruwa na wani manomi, ya kawo su cikin bido, wato jarka, ya ce su za su cinye tsutsar sauro. Bayan 'yan watanni kwaɗi suka fara kuka, zalɓe ya sauka, kazar ruwa ta yi sheƙa cikin kacala ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyar. Dattijo kan ƙirga su kowace safiya kafin ya sha shayi. Shi da ya ce Turabulus za shi, ya daina zancen tafiya.

Saura kwana biyu baƙi su zo, sauro ɗaya tak ya ciji mudir a wuya. Shi ke nan! Ya aika aka kawo gazuwal, wato man dizal, wai haka ake kashe sauro a ƙasashen da suka ci gaba. Dattijo ya yi ta bayani da guntun Larabcinsa, yana nuna kifi, yana nuna 'yan tsaki. Mudir ya dube shi kamar akuya ce ta yi magana. Sai ya juyo ya miƙo mini bidon gazuwal ɗin, ya tambaye ni ko ina da katin zama.

Ba ni da shi, ya kuma sani.

Na zuba. Na raina mutumin nan iyakar raini, amma hannuna ne ya karkata bidon, ba nasa ba. Mai ya bazu a kan ruwa yana ƙyalli, mudir har da cewa ya fi kyau haka.

Da la'asar kifaye suka taso ciki sama. Aka sa mu kwashe su da raga kada baƙi su gani. Zalɓe ya tashi. Dattijo ya naɗe wando ya kutsa cikin kacala, ya fito da ɗan tsako guda, baƙi ƙirin da mai, yana buɗe baki. Sauran huɗun bai fito da su ba.

Na matsa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Riƙe shi, ɗana, in kawo sabulu. Kar ka matse.”

Na riƙe shi a tafin hannuna, hannun da ke warin gazuwal. Kafin ya dawo da sabulun tsakon ya daina motsi, ni kuma na ci gaba da riƙewa, don ban san yadda zan gaya masa ba.