Jitar Sila da Kunnen Shu'aibu

Sila mutumin Zonkwa ne, amma Kano ce ta ci ƙuruciyarsa. Shekara ashirin da uku ya yi a wata masaƙa da ke Challawa, a ɗakin injinan saƙa, inda ko mutum ya kwarara ihu a kunnen ɗan'uwansa sai ya haɗa da nuni da hannu. Kamfani yana raba audugar toshe kunne, amma tsofaffin hannu ba sa sawa. A wurinsu gwanin ma'aikaci da kunne yake gane inji zai tsinke zare tun bai tsinke ba, mai toshe kunne kuwa sabon shiga ne. Sila yana cikin gwanaye, kuma yana alfahari da haka.

Abu na biyu da yake alfahari da shi jita ce, ja, mai amfani da lantarki, wadda ya saya ta hannu a Sabon Gari tun kafin ya auri Kyauta. Kowace Lahadi shi ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu a Panshekara. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai iya doguwar addu'a a gaban jama'a ba. Kiɗan jitar nan shi ne abin da yake da shi na bai wa Ubangiji.

A shekarar 2004 aka rufe masaƙar. Wuta ta ƙi zama, atamfar waje ta cika kasuwa, aka sallami ma'aikata. Sila ya dawo gida ya zauna, sai ya ga duniya ta yi tsit fiye da yadda ya zata. A wannan zaman ne ya lura jitarsa ta canja. Muryarta ta dushe, musamman siraran tsirkiyoyin nan na ƙasa, kamar an lulluɓe sifika da bargo. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Aiki ya tafi, in jita ma ta tafi, bai san me zai tashi ya yi da sassafen Lahadi ba.

Sai ya saɓa ta ya nufi Sharada wurin Shu'aibu, tsohon mai gyaran wutar masaƙarsu, wanda ya kafa rumfa yana naɗin koyil na fanka da injin ban ruwa. Shu'aibu bai taɓa buɗe jita ba, amma waya waya ce. Ya kwance murfin, ya canja maɓallin ƙara murya da ya yi tsatsa, ya sake like wayoyi da dalma. Ya ce shi dai a kunnensa lafiya lau take. Sila ya girgiza kai. Shu'aibu bai ja ba, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan mako biyu Sila ya dawo da sababbin fikof a leda. Fikof shi ne ɗan maganaɗisun nan mai naɗin siririyar waya da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, shi ke ɗaukar sauti ya miƙa wa sifika. Mai shago ya rantse masa waɗannan sun fi na asali ƙarfi. Aka cire tsofaffin, aka sa su. Bayan wata guda ya sa aka ɗaga su har suna neman taɓa tsirkiya. Daga baya ya sa aka yanke 'yar kondensar da ke tausasa kaifin sauti, ya ce ita ke danne masa murya.

A coci kuwa abin ya zama azaba. Jitar da a da take sa tsofaffi lumshe ido ta koma tana tsaga kai. Matan zumuntar coci suka ja bencinsu baya, masu goyo suka riƙa fita da jarirai. Ba wanda ya faɗa masa. Dattijo ne, ya rasa aiki, kuma ana barin halal don kunya. Shi kuma da ya ga mutane suna ja da baya, sai ya ɗauka ba sa jin sa ne, ya ƙara murɗa maɓalli.

Kyauta ta san gaskiyar magana. Ta daɗe tana kiransa daga madafa sau uku kafin ya waiwayo. Amma ta rasa bakin da za ta gaya wa mijinta cewa abin da ya fi taƙama da shi ne ya mutu. Sai ta hau acaɓa ta je Sharada ita kaɗai, ta roƙi Shu'aibu, in Baban Rut, wato mijinta, ya sake zuwa, don Allah kada ya ƙara wa jitar komai.

Ya kuwa sake zuwa, wata Laraba da hantsi, yana so a warware fikof ɗin a ƙara naɗi. Shu'aibu ya karɓi jitar, ya haɗa ta da sifika, ya ce masa ya juya ya miƙo sukundireba daga kan benci. Da Sila ya ba shi baya, Shu'aibu ya danne tsirkiya mafi siranta a can ƙarshen wuyan jitar, ya fizge ta da ƙarfi. Mai faci da ke rumfar gaba ya ɗago kai a firgice. Sila yana ta laluben sukundireba abinsa. Shu'aibu ya sake, har sau uku.

Da Sila ya juyo ya ga tsirkiyar tana rawa, ya ga fuskar mai faci, ya ga ta abokinsa, sai ya tsaya da sukundireba a hannu.

"Malam Sila," in ji Shu'aibu, yana ɗaga murya, "jitar nan ba ta taɓa lalacewa ba. Injinan can ne suka tafi da kunnenka. Ni ma da laifina, da na biye maka."

Sila ya zauna a kan wani tsohon injin ban ruwa. Ba kurumcin ne ya fi yi masa ciwo ba. Tunanin watannin da ya yi yana azabtar da mutanen da yake ƙauna, yana zaton hidima yake musu, shi ya sa hawaye ya zubo masa a gaban mai faci.

Can ya ce a mayar da tsofaffin fikof, a mayar da kondensa. Shu'aibu ya yi aikin a natse har azahar ta kusa. Da ya gama, Sila ya ce wa Shu'aibu ya daidaita murya yadda ta yi wa nasa kunnen daɗi, sannan ya cire maɓallin gaba ɗaya, ya rufe ramin, don Sila ya san hannunsa ba zai haƙura da murɗa shi ba.

Aka yi haka. Sila ya rungumi jitar ya kaɗa wata waƙar yabo tun daga farko har ƙarshe. Rabinta kawai yake ji, can nesa. Da ya tsaya, ya dubi abokinsa.

"Shu'aibu, tsakaninka da Allah, da daɗi?"

"Wallahi da daɗi."

"To," Sila ya ce, yana mayar da ita cikin jaka. "Na yarda da kai."