Dela da Kwalaben Ƙanwarta

Duk wanda ya taso a Roni bayan samun 'yancin kai ya san Dela mai kunun zaƙi. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta ƙi sake aure, ta kama sana'ar da ta gada wurin uwarta. Ran kasuwa takan zauna a gindin wata tsamiya da tulunanta, kafin la'asar ta sayar ta kife su.

In aka yaba kununta, sai ta ce sirrin ba a gero yake ba, a wanki yake. Da toka da soso take cuɗa cikin tulu, ta ɗauraye da tafasasshen ruwa, ta kife shi a rana ya bushe, sannan ta turara shi da kajiji. Ƙorai da ludayi da mataci duk haka take musu. Shi ya sa kununta ke wuni bai yi tsami ba, ko a tsakiyar bazara.

A hannunta ƙanwarta Mas'uda ta koyi sana'ar, kuma Dela ba ta taɓa ɗaukar ta abokiyar gasa ba. Sai shekarar Udoji ta zo, wadda gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Daudu, mijin Mas'uda, masinja ne a wani ofis a Kazaure. Da aka ƙara musu albashi ya sayo mata firiji mai aiki da kananzir da tarin kwalabe. Gidansu kuwa a bakin kasuwa yake. Mas'uda ta fara ɗura zoɓo a kwalba, mai sanyi har yana raɓa.

Daga inda Dela take zama tana hango ƙofar gidan. Direbobi da malaman makaranta suka koma can, ta ce dama su ba su san kunu ba. Amma ranar da ta ga Kawu Lauwali baduku, wanda ya tsufa yana shan kununta, ya ɗaga kwalba yana lumshe ido, ko tuwo ba ta iya ci ba. Ta daina zuwa gidan ƙanwarta. Da Mas'uda ta aiko mata da zoɓon ta ɗanɗana, a gindin zana ta tsiyaye shi.

Da zafi ya tsananta, sai zoɓon Mas'uda ya fara kumfa, ana buɗe kwalba tana huci. Wani direba ya sha ya tofar, ya ce warin giya yake ji. Kafin kasuwa ta watse magana ta zaga gari. Dela ta san dalili: bakin kwalba ƙarami ne, hannu ba ya shiga, ƙanwarta kuma ɗauraya kawai take yi da ruwan sanyi. Ta yi gum da bakinta. Masu saye suka dawo gindin tsamiya, ita kuwa har ƙiba ta fara yi.

Wata safiya Mas'uda ta yi sallama, ta durƙusa a tsakar gida.

"Yaya, sun ce giya nake sayarwa. Daudu ya kasa haɗa ido da mutane a masallaci."

"Ai ke kike da firiji," in ji Dela. "Tambaye shi mana."

Mas'uda ta zaro kwalba daga cikin mayafinta ta ajiye. Dela ta so ta kau da kai, amma hannunta ya riga ya ɗauka. Ta ɗaga ta saitin rana, ta ga baƙin dauɗa ya daskare a gindinta.

"Anya uwarmu ce ta haife ki? A cikin wannan kike ba mutane abin sha?"

Ta ɗebo ƙananan tsakuwa da toka ta zuba a ciki, ta ƙara ruwan ɗumi, ta yi ta girgizawa har dauɗar ta saki. Ta sa kwalbar a tukunyar ruwa ta hura wuta har ya tafasa, sannan ta kife ta a kan kara ta tsane. Tana yi tana jin haushin kanta, don ta san masu sayenta take miƙa wa ƙanwarta.

Haka kuwa aka yi. Zoɓon ya gyaru, mutane suka manta da zancen giya, suka koma bakin kasuwa. Mas'uda ta nemi su haɗa sana'a, Dela ta ce ita ba 'yar wankin kwalba ba ce. Bayan wasu shekaru Mas'uda ta hau jirgi ta sauke farali, ta dawo da haƙorin Makka. Dela ta je yi mata barka da sauka, amma duk hirar ƙasa take kallo.

Ta ci gaba da kununta, tsofaffi ƙalilan na saye, har gwiwa ta hana ta ɗaukar tulu. Mas'uda ta ɗauko ta zuwa gidanta, ta ba ta ɗaki, ta yi jinyarta har ƙarshe. In masu dubiya suka ce ta yi dacen ƙanwa, sai Dela ta ce haka ne, ta juya fuskarta bango.