Tiyon da Ya Shirya Ni da Gwaggo

Shekarar da wurin aiki sunka ba Malam babur, ni ce mace ta farko a unguwarmu a Illela da aka gani bayan mashin. Ban faɗa don alfahari ba, ko da yake in an ce alfahari ne ba zan yi gardama ba. Malam maigidana ne, malamin gona, mutum mai bin doka kamar shi ya rubuta ta. Tare da babur ɗin anka ba shi hular kwano ja, mai rufe kunnuwa har haɓa, aka ce kada ya hau sai da ita. Ni ma ya samo mini tawa. Na ce masa in ɗaura ɗankwali tun hantsi, sannan in kife masa kwano? Ta zauna bisa randa, ta zama marfi.

Abin da ba mu sani ba, in Malam ya sa hularsa ya tada injin, ya zama kurma. Gabansa kaɗai yake gani. Ko kiran salla aka yi a gefensa ba shi ji.

Wata ranar kasuwa muna kan hanyar Lafani za mu barka, sai ga Gwaggo tafe bisa jakinta da kwandon daddawa. Gwaggo yayar mahaifina ce, a Lafani take zaune, ita ta riƙe ni tun yaye. A wurinmu in ka gamu da babba, ko bisa raƙumi kake sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Na yi ta kiran "Malam, tsaya! Ga Gwaggo!" Na buga masa baya. Shi a zatonsa gargadar hanya ce ke jefo ni, sai ya ƙara wuta don mu fita daga ramukan. Munka wuce ta fuu, munka bar ta da jakinta suna tari.

Mako na zagayowa, aka sake. Wannan karon gaban matan Lafani wajen goma.

Na ɗauki goro da sabulu na tafi gidanta a ƙasa. Ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba.

"Mi ya kawo matar mai babur gidan masu jaki?"

"Gwaggo, wallahi na kira shi, ba shi ji ne."

"Shi ba shi ji, ke ba ki da ƙafar dira? Ɗauki kayanki. Bisa hanya kika wuce ni, bisa hanya za ki gaishe ni, gaban mutanen da sunka gani. In ba haka ba, ku nemi mai yi wa ɗiyarki wankan jego."

Na kwashi kayana na fito. Babbar ɗiyata na da cikin fari, watanta ya kusa, kuma duk zuriyarmu babu wadda ta haihu ba hannun Gwaggo ya yi mata wanka ba. A ce an fara daga ɗiyata? Da wane ido zan dubi dangi ranar suna?

Munka zauna da Malam neman yadda zai riƙa jin maganata. Ya ce in riƙa mintsininsa. Munka gwada a hanyar Amarawa; na mintsine shi, ya zabura, saura kaɗan mu kwanta cikin gonar gero. Ya ce to in ja masa riga, sau ɗaya rage gudu, sau biyu tsaya. Na ja da zuciya ɗaya, aljihun babbar rigarsa ta Juma'a ya biyo hannuna. Kwana biyu yana gaishe ni da hanci. Na ɗauro ƙararrawar da wata Bafillatana mai kawo mini nono ta ciro daga wuyan ɗan maraƙinta. Shi bai ji ba, amma duk akuyar da ke bakin hanya ta ji.

Lokacin Turawa masu ƙetaro hamada bisa manyan babura kan yada zango bakin iyaka. Wani mai gyaran rediyo, ɗan Ƙonni, ya ba Malam labarin ya ga mata da miji cikinsu suna hira a guje, kowa da 'yar waya cikin hularsa. Ya ce zai iya haɗa mana irinta da lasifika da batir. Ya haɗa kuwa. Da Malam ya sa a kai, ba abin da ke fitowa sai ƙuuu, can kuma sai muryar wani yana labaru da Faransanci. Malam ya ce shi matarsa yake son ji, ba mutanen Yamai ba.

Ni na gano maganin, kuma ina son a rubuta haka. Ina tsakar gida ina ɗura man gyaɗa a kwalba da mazurari, ga guntun tiyon injin ban-ruwa da Malam ya yar jikin rumbu. Na soka bakin mazurarin cikin tiyon, na kai ɗaya bakin tiyon daidai kunnen Malam yana gyangyaɗi bayan azahar, na ce a hankali, "Malam, tuwo ya ƙone." Ya miƙe tsaye kamar an harbe shi.

Munka naɗe bakin tiyon da tsumma don kada ya ci masa kunne, munka cusa shi ta ƙarƙashin hular, ya biyo bisa kafaɗarsa, ni kuma na rataya mazurarin a wuya da igiya kamar laya. Sharaɗinsa ɗaya: kada in yi masa hirar maƙwabta yana tuƙi. Na ce na ji. Ban cika ba.

Ranar kasuwa na ci ado, munka ɗauki hanyar Lafani da hantsi. Daidai wata babbar tsamiya na hango jakin, ga mata biye da shi da tallansu. Sai zumuɗi ya mantar da ni cewa tiyo ba ya son ihu. Na cika baki na kurma, "TSAYA!"

Malam ya taka birki da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Babur ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na zame na dira cikin rairayi, takalmi ɗaya nan ɗaya can, ɗankwali ya koma ƙeya, sai ga ni durƙushe daidai ƙafar jakin Gwaggo. Tunda na riga na iso, sai kawai na ce, "Ina kwana, Gwaggo? An tashi lafiya?"

Matan nan sunka fashe da dariya har wata ta zubar da ƙwaryar kuka. Gwaggo ta daure fuska, amma na ga kumatunta na rawa.

"Lafiya lau. Halan haka ake sauka daga abin naku?"

"Don ke kaɗai, Gwaggo."

Ta nuna wuyana da sandarta. "Wanga fa mi ne ne?"

Na yi mata bayani. Ta ce a sauke ta. Malam na ƙoƙarin tuɓe hula ya gaishe ta, ta ce, "Bar ta nan bisa kanka." Ta karɓi mazurarin ta kafa baki.

"Kai, surukina, kana ji na?"

"Ina ji, Gwaggo, ranki shi daɗe."

"To madalla, yau kunne ya samu. Ka fara tara itace, manya, ba ƙirare ba. Kuma ran da yarinyar ta sauka, da abin ga naka za ka zo ka ɗauke ni. Jakina ya tsufa."

Ɗiyata ta haihu sati uku bayan nan. Malam ya tafi Lafani ya ɗauko Gwaggo, ganyen wankanta a cinya, mazurari a baki. Da sunka iso ya tuɓe hula yana sosa kunne, ya ce mini tun daga ƙofar gidanta har tamu ba ta yi shiru ba, kuma sau tara ta tsayar da shi, duk wanda ta wuce sai ya ga wadda ke bayan babur.